Mafarautan Duniyoyi da Tarihin Kurakuransu

A watan Janairun 1992 masana taurari na Amurka suka yi babban taronsu a birnin Atlanta, kuma baƙon da kowa ke ɗokin ji shi ne Andrew Lyne na cibiyar Jodrell Bank da ke Ingila. Wata shida kafin nan, shi da abokan aikinsa biyu sun buga a mujallar Nature cewa sun gano wata duniya da ta ninka tamu nauyi kamar sau 10, tana kewaya wani mataccen tauraro. A lokacin ba a taɓa tabbatar da duniya ko ɗaya a wajen gidan Rana ba, saboda haka labarin nasara aka gayyace shi ya bayar. Da ya miƙe gaban jama'a sai ya ce musu babu wata duniya. Kwanaki kaɗan kafin taron, yana sake bin lissafinsa, ya tarar ba a cire tasirin tafiyar duniyarmu yadda ya kamata ba, domin hanyar da take bi wajen kewaya Rana ba cikakkiyar da'ira ba ce. Abin da suka ɗauka baƙuwar duniya ce mai zagaye duk wata shida, ashe motsin ƙasar da suke tsaye a kanta ne ya kutso cikin alƙalumansu. Jama'ar zauren suka tashi tsaye suna yi masa tafi.

Bayansa sai Aleksander Wolszczan, ɗan ƙasar Folan, ya karɓi magana da da'awa irin wadda aka gama janyewa yanzun nan. Shi da Dale Frail sun bibiyi wani mataccen tauraro mai suna PSR B1257+12 da katafaren faifan rediyo na Arecibo a tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305. Irin wannan tauraro, da ake kira fulsa, ragowar wanda ya fashe ne. Yana jujjuyawa kamar sau 161 a sakan ɗaya, yana aiko da bugun rediyo a kan ƙa'idar da ba ta kuskure. Wolszczan ya ga bugun yakan ɗan riga lokaci, yakan ɗan makara, ya lissafa cewa duniyoyi biyu ne ke jan tauraron, ɗaya mai zagayen kwana 67, ɗaya mai kwana 98. Tasa da'awar ta tsaya, har a 1994 aka ƙara ta uku. Sai dai duniyoyi ne na kufai da ke kewaya gawa, ba irin waɗanda aka daɗe ana nema ba.

Wanda bai san tarihin wannan sana'a ba zai yi mamakin tafin da aka yi wa Lyne. Masu tafin sun san cewa sama da shekara 130 ke nan ana shelar gano duniyoyi, kuma kusan babu mai shelar da ya taɓa dawowa da bakinsa ya ce ya yi kuskure.

Asalin wahalar ita ce ba a ganin abin farautar. Duniya ba ta da hasken kanta, kuma tana manne da tauraron da ya fi ta haske sau miliyoyi, har biliyoyi. Dole sai dai a bi sawu. Sawu mafi daɗewa shi ne rangaji: idan babba ya riƙe hannuwan yaro yana juyi da shi, yaron ne ke yin babban zagaye, amma shi ma babban jikinsa na karkata baya da gaba. Haka tauraro yake yi in akwai duniya a tare da shi. Jupita, wadda malaman falaki na dā suke kira Mushtari, tana sa Rana rangaji da saurin kamar mita 12 da rabi a sakan, a zagayen da ke cin kusan shekara 12. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal take iya motsa Rana a sakan, abin da bai kai rabin taƙi ba.

Tun a 1855 William Jacob, shugaban cibiyar duban taurari ta Madras a Indiya, ya ce tagwayen taurarin 70 Ophiuchi suna tafiya da ɗan karkace, kuma mai yiwuwa wata duniya ce ke jan su. A shekarun 1890 Ba'amurke Thomas See ya maimaita zancen da ƙarfin gwiwa, har ya yanka wa abin zagayen shekara 36, sai Forest Moulton ya nuna a 1899 cewa tsari irin wannan ba zai daɗe bai wargaje ba. Aka bar maganar.

Wanda ya fi kowa ba da rayuwarsa ga rangaji shi ne Peter van de Kamp, haifaffen Holan, wanda ya shugabanci cibiyar Sproul ta kwalejin Swarthmore a jihar Pennsylvania daga 1937 zuwa 1972. Mutum ne mai farin jini, makaɗin piyano, har ƙungiyar makaɗan kwalejin ya taɓa jagoranta. Ya zaɓi Tauraron Barnard, wani ɗan ƙaramin jan tauraro da haskensa ke yin tafiyar shekara 6 kafin ya iso mu, wanda kuma ya fi kowane tauraro saurin sauya wuri a sararin sama: cikin kimanin shekara 180 yana ratsa faɗin wata. Daga 1938 aka shiga ɗaukar hotonsa a farantan gilashi da madubin hangen nesa mai faɗin inci 24, dare bayan dare, ana auna gurbinsa da hannu. Karkatar da ake nema a kan farantin ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A 1963, da faranti fiye da 2,000 a hannu, van de Kamp ya yi shelar duniya da ta fi Jupita nauyi, mai zagayen kimanin shekara 24. A 1969 ya ce biyu ne. Zancen ya shiga littattafan makaranta.

A 1973 abin ya kwance ta fuska biyu. George Gatewood da Heinrich Eichhorn suka auna faranti daga wasu cibiyoyi, ba su ga rangajin komai ba. John Hershey kuma, ma'aikacin Sproul ɗin kanta, ya auna wani tauraro dabam da aka ɗauka da madubin gidan, sai ya ga shi ma yana yin tsalle a daidai lokutan da Tauraron Barnard ya yi. Lokutan sun dace da 1949 da 1957, shekarun da aka taɓa gilashin madubin don gyara. Wato madubin ne ke rangaji. Van de Kamp bai yarda ba. Ya ci gaba da kare duniyoyinsa, dangantakarsa da magajinsa Wulff Heintz ta yi tsami a kan haka, ya kuma rasu a watan Mayun 1995 yana kan bakansa. Abin tausayi, Tauraron Barnard yana da duniyoyi da gaske: a 2024 aka tabbatar da ɗaya, a 2025 suka zama huɗu, dukkansu ba su kai tamu nauyi ba, kuma kowace tana gama zagayenta cikin 'yan kwanaki. Madubin Sproul ba zai taɓa iya jin ɗuriyarsu ba.

Wannan abin kunya ya shafa wa sana'ar baƙin fenti. A shekarun 1970 da 1980, matashin masani da ya ce zai nemi duniyoyi, kallon mai wasa da makomarsa ake yi masa.

Duk da haka wasu mutum biyu a Kanada, Gordon Walker da Bruce Campbell, suka canza dabara. Maimakon auna gurbin tauraro a hoto, suka koma ga haskensa. Idan aka tsefe hasken tauraro zuwa launukansa, ana ganin siraran layuka baƙaƙe. In tauraron na matsowa sai layukan su ɗan gusa wajen shuɗi, in yana ja da baya su gusa wajen ja. Don samun ma'aunin da ba ya motsi, sai suka riƙa bi da hasken ta cikin bututun iskar haidurojin fuloraid, wadda guba ce mai cin nama da gilashi. Da wannan suka kai ga auna saurin tauraro da kuskuren kamar mita 15 a sakan, abin da ba a taɓa yi ba. Daga 1980 suka shafe shekara 12 suna bin taurari ashirin da 'yan kai daga tsaunin Mauna Kea na Hawayi, da 'yan dararen da ake tsakura musu a shekara. A 1988, tare da Stephenson Yang, suka ce akwai alamar duniya a tauraron Gamma Cephei, mai zagayen shekara biyu da 'yan watanni. Amma fargabar abin da ya sami van de Kamp tana kansu. Campbell, da ya gaji da rashin aiki na dindindin, ya bar ilimin taurari a 1991 ya koma ba da shawara kan haraji. A 1992 Walker ya rubuta cewa mai yiwuwa tauraron ne da kansa ke haifar da alamar. Sai a 2003 masana a cibiyar McDonald ta Texas suka tabbatar duniyar tana nan daram. Ta leƙo musu ta koma. Van de Kamp ya riƙe abin da babu, su kuma sun saki abin da ke akwai, kuma a ganin mai wannan rubutu nasu rashin ya fi ciwo, don su ne suka ƙera hanyar da kowa ya bi daga baya.

Ladan ya faɗa hannun wasu a kudancin Faransa. Cibiyar Haute-Provence, da aka kafa a 1937 a kan wani tudu kusa da ƙauyen Saint-Michel, ba ta cikin manyan cibiyoyin duniya. Madubinta mai faɗin mita 1.93 tun 1958 yake aiki. A 1993 aka ɗaura masa sabuwar na'urar tsefe haske mai suna ELODIE, kuma Michel Mayor na jami'ar Jeniba da ɗalibinsa Didier Queloz suka tsara bin taurari 142 masu kama da Rana. Sun shirya wa jiran shekaru, tunda kowa ya ɗauka babbar duniya irin Jupita sai ta yi nesa da tauraronta. A ƙarshen 1994, Mayor yana Hawayi, Queloz ya ga tauraro na 51 a rukunin Pegasus yana kai da komo da saurin da ya haura mita 50 a sakan, yana maimaitawa duk kwana 4.2. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne manhajar da ya rubuta ce ta samu matsala. Ya yi ta bincike bai ga aibu ba. Lissafi ya nuna duniya mai kimanin rabin nauyin Jupita, tana zaune kamar kilomita miliyan 8 daga tauraronta, wato kashi ɗaya cikin ashirin na tazarar da ke tsakaninmu da Rana, a cikin zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Babu littafin da ya yarda da wannan. Masanin taurari Otto Struve ya taɓa kawo shawara a wata gajeriyar maƙala a 1952 cewa a nemi irin waɗannan, kuma ba a kula shi ba.

Ba su yi gaggawa ba. Suka jira tauraron ya sake fitowa a Yulin 1995, suka ga saurinsa ya faɗo daidai inda lissafi ya ce zai faɗo, sannan suka yi shela a taron Florence na Italiya ran 6 ga Oktoba. Abin da ya bambanta wannan da na baya shi ne gajartar zagayen: kowa na iya gwadawa cikin mako guda. Geoffrey Marcy da Paul Butler suka juya madubin cibiyar Lick ta Kalifoniya, cikin 'yan darare suka ga abu ɗaya. Su ma tun 1987 suke tara bayanai ba su gama tacewa ba; da suka koma ciki, a Janairun 1996 suka fito da duniyoyi biyu. A 1997 David Gray na Kanada ya ce numfashin tauraron ne ake gani ba duniya ba, amma da sababbin awo suka saɓa masa, shi ma ya janye a shekarar da ta biyo. Mayor da Queloz sun karɓi kyautar Nobel a 2019.

Masu shakka na ƙarshe sun yi shiru ne a 1999, lokacin da aka kama sawu na biyu. Idan duniya ta gifta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dusashe. David Charbonneau, ɗalibi a lokacin, da Timothy Brown suka ga hasken tauraron HD 209458 ya ragu da kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, a daidai sa'ar da masu auna rangaji suka ce duniyar za ta wuce. Madubin da suka yi aikin da shi faɗinsa santimita 10 ne, an kafa shi a gefen filin ajiye motoci a garin Boulder. Rangaji na ba da nauyi, giftawa na ba da girma. In an haɗa biyun sai a san ko duniyar dutse ce ko iska.

William Borucki na hukumar NASA ya daɗe yana cewa giftawa ce hanyar samun duniyoyi irin tamu, amma sai daga sararin samaniya, domin tamu in ta gifta gaban Rana, kashi 84 cikin miliyan kawai take rage mata. Aka ƙi shawararsa a 1992, aka ƙi a 1994, da 1996, da 1998, kowane karo da sabon dalili, shi kuma ya koma ya warware dalilin ya dawo. A 2001 aka amince. Kumbon Kepler ya tashi a Maris 2009, ya ƙura wa taurari kimanin 150,000 ido a wani yanki guda na sama har shekara huɗu, kafin ƙafafun da ke daidaita shi su lalace a 2013 a sauya masa salon aiki. Da aka yi masa ritaya a 2018 ya bar duniyoyi fiye da 2,600 da aka tabbatar. Babban abin da ya koyar shi ne cewa irin duniyar da ya fi cin karo da ita, mai girma tsakanin tamu da Neftun, babu ita sam a gidan Rana. Kepler ne kuma ya zaunar da al'adar da ake bi yanzu: duk abin da aka gani sunansa ɗan takara, ba ya shiga rajista sai an kore sauran bayanai, musamman tagwayen taurari da ke rufe juna a bayan fage suna kwaikwayon giftawa. Rajistar NASA ta haura 5,000 a Maris 2022, ta kai 6,000 a Satumban 2025.

Ƙananan madubai ba su fita kasuwa ba. Michaël Gillon na jami'ar Liège ta Beljiyam ya fara gano duniyoyin TRAPPIST-1 a 2016 da madubi mai faɗin santimita 60 a La Silla ta ƙasar Chile, wanda ke da ɗan'uwa a tsaunin Oukaïmeden na Maroko. A Fabrairun 2017 aka sanar cewa bakwai ne, duk masu girma kusa da tamu, a tazarar tafiyar haske ta shekara 40.

Yanzu hankali ya koma kan iskar da ta lulluɓe waɗannan duniyoyi. Lokacin giftawa, ɗan hasken tauraro na ratsa iskar, kowane sinadari kuma yana barin tambarinsa. Madubin James Webb, da aka harba ran 25 ga Disamba 2021, ya nuna iskar kabon dayoksaid ƙarara a duniyar WASP-39b a 2022, ya kuma nuna a 2023 cewa ta kurkusa a gidan TRAPPIST-1 ba ta da wata iska mai kauri. Inda aka yi ƙura shi ne K2-18b, duniya mai nisan tafiyar haske ta shekara 124, wadda ta ninka tamu faɗi fiye da sau biyu da rabi. A Afrilun 2025 Nikku Madhusudhan na jami'ar Cambridge da tawagarsa suka ce sun ga alamar sinadarin DMS, wanda a nan duniya ƙananan halittun teku ne suka fi samar da shi. Jaridu suka ɗauka da kanun rayuwa a wata duniya. Amma ƙarfin alamar sigma uku ne a ma'aunin masu lissafi, alhali sigma biyar ake so kafin a ce an gano abu. Cikin makonni wasu tawagogi suka sake tace bayanan suka ce wasu sinadarai da dama za su iya ba da wannan tambari, wasu ma suka ce ba su ga tambarin ba. An kuma riga an sami DMS a tauraro mai wutsiya 67P, inda babu teku balle halittunsa. Abin da ya ɗauki shekara goma a zamanin Sproul, yau kafin wata ya ƙare an yi shi, saboda bayanan suna fitowa fili kowa ya taɓa.

Su ma masu auna rangaji ba su huta ba. Na'urar HARPS ta kai mita ɗaya a sakan tun 2003, ESPRESSO kuma an ƙera ta ne don ta kusanci santimita 10. Sai dai a wannan mataki ba na'ura ce ke yaudara ba, tauraron ne. Fuskarsa tafasa take yi, tana da tabo masu zagayawa da shi, kuma waɗannan na iya haifar da rangajin bogi na mita ɗaya ko fiye, wanda ya isa ya binne santimita 9 na duniya irin tamu. Haka duniyar Gliese 581g, da aka yi ta yayatawa a 2010 a matsayin wadda za a iya rayuwa a cikinta, ta ɓace a 2014 da aka gano tabon tauraro ne. A 2012 Xavier Dumusque na Jeniba ya sanar da duniya a tauraron Alpha Centauri B, maƙwabcinmu na kusa, da rangajin santimita 51 a sakan. A 2015 masana daga Oxford suka nuna cewa giɓin da ke tsakanin dararen awo ne ya ƙirƙiro ta, Dumusque kuma ya amince. A shekarar 2015 ɗin ce shi da abokan aiki daga Harvard suka kafa wani ɗan ƙaramin madubi a tsibirin La Palma, suka haɗa shi da na'urar HARPS-N. Da dare na'urar tana auna taurari, da rana kuma tana auna Rana kamar baƙon tauraro, duk 'yan mintoci. Tunda an san nauyi da zagayen kowace duniya a gidan Rana, ana iya cire tasirinsu gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne hayaniyar tauraron zalla. Bayanan shekaru da aka tara an sake su ga jama'a, kuma tawagogi na gwada dabarunsu a kai: a ɓoye rangajin ƙarya na 'yan santimita a ciki, a ga wa zai iya tono shi.